Yadda Ake Sasanta Rikicin Riƙon Yara Ba Tare Da An Je Kotu Ba

Tambayar yadda za a sasanta rikicin riƙon yara ta yi yawa, kusan duk kala ɗaya ce: aure ya mutu, ko uba ya rasu, ko an ba wata gwaggo riƙon yarinya yanzu an ga alamar ana gallaza mata, kowa na jan yaro ta ɓangarensa kuma babu mai son shiga kotu saboda kuɗi da ɓata lokaci da tonon asiri. Toh ga yadda ake bi daki-daki. Na fi karkata ga yadda abin yake a Kano da Kaduna da makwabtansu, kuma galibin bayanin na gidan Musulmi ne.

1. Fara tantancewa: wannan maganar ta sulhu ce?

Ba kowace magana ake zama a kanta ba. Wadda sulhu ke ci ita ce irin su wa zai riƙe yaro bayan saki, uba ya daina aiko da kuɗin abinci, an hana uwa ganin 'ya'yanta, an cire yarinya daga makaranta an ɗora mata talla, ana son tura yaro almajiranci wani gari uwa ba ta yarda ba, ko kishiyar uwa tana nuna bambanci. Duk waɗannan zama na gyara su.

Amma fyaɗe ko lalata da yaro, dukan da ya kai ga karaya ko ƙuna, ɗaure yaro a ɗaki da yunwa, sayar da yaro ko safararsa aikatau da sunan riƙo, waɗannan laifuka ne, ba a sulhunsu, ko da wanda ya aikata kawun yaron ne ko mijin uwarsa. Nan asibiti za a fara zuwa, sannan 'yan sanda. Idan lalata ce kar a yi wa yaro wanka kar a wanke kayan jikinsa, a kai shi cikin awa 72 saboda maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin wannan lokacin yake aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, duk na kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ne, safarar yara kuma aikin NAPTIP ne, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Gargaɗi: "a rufa asiri, ɗan uwa ne" ita ce maganar da ta fi cutar da yara a wannan matakin. Duk dattijon da ya karɓi kuɗi ko ya matsa a yafe irin wannan, ya sani ya bar mai laifin ne a cikin gida tare da sauran yara.

2. A samar wa yaron wurin zama na wucin gadi

Kafin a kai ga ranar zama, yaro na buƙatar inda zai kwana, ya ci, ya tafi makaranta. Abin da ya fi sauƙi a bar shi inda yake indai babu cutarwa. In akwai, a kai shi wurin wanda ɓangarori biyu suka yarda da shi, yawanci kaka, kuma a faɗa a gaban shaidu cewa na ɗan lokaci ne, sati biyu ko wata ɗaya, zuwa a zauna.

Gargaɗi: kar ka je makaranta ko Islamiyya ka ɗauke yaro a ɓoye, ke ma kar ki aika ƙaninki ya sato shi daga ƙofar gida. Da zarar an yi haka maganar ta tashi daga riƙo ta koma "an sace min ɗa", sai ofishin 'yan sanda, kuma wanda ya yi ɗaukar shi ne zai shiga zaman da rauni ko da gaskiyarsa.

3. Ku san hukunci kafin ku zauna

Wannan shi ne inda mutane ke zuwa da kai a kumbure saboda sun ɗauka al'ada ita ce shari'a. A al'adarmu da an yaye yaro sai uba ya aiko a kawo masa ɗansa. A fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi, uwa ce ta fi cancanta da reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ƙarara yake, Annabi (SAW) ya ce wa matar da aka saka ita ce ta fi cancanta da ɗanta matuƙar ba ta yi aure ba. To in ta yi auren fa? Nan ma ba kai tsaye yake komawa hannun uba ba, kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sai 'yar uwar uwa, kafin a gangaro kan kaka ta wajen uba da shi uban. Maza da yawa ba su san wannan ba wallahi, sai a gaban alƙali suke ji.

Ke ma 'yar uwa kar ki ɗauka shi kenan. Reno na da sharuɗɗa: hankali, amana, lafiyar da za ki iya ɗawainiya, da wurin zama mai tsaro musamman ga 'ya mace. Uba kuma shi ne waliyyi, yana da ta cewa kan tarbiyya da karatu, yana da haƙƙin ganin ɗansa. Ƙaura zuwa gari mai nisa ma tana iya taɓa haƙƙin riƙo a wurin malamanmu, don haka in akwai maganar tafiya a tambayi malami tun kafin zama.

Ciyarwa, tufafi, magani da wurin kwana duk a wuyan uba suke ko yaro na hannun wa, gwargwadon ƙarfinsa. "Tunda ta ƙi ba ni ɗana ba zan ba da ko sisi ba" ba hujja ba ce a ko'ina. Aya ta 233 a Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa.

Ta ɓangaren dokar ƙasa akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, Kaduna ta yi tata a 2018, Kano a 2023, kuma abin da suke sawa a gaba shi ne maslahar yaron. Waɗanda suka yi auren rajista, kamar 'yan uwanmu Kirista da yawa, maganar riƙonsu babbar kotu ce ke da hurumi kuma ma'aunin dai shi ne maslahar yaro.

4. Tara takardu

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Takardar haihuwa, takardar saki in akwai, katin asibiti, rasit na kuɗin makaranta, sakamakon jarrabawa, alat na banki ko saƙon waya da ke nuna an turo kuɗi ko an daina. A yi fotokwafi, asalin ya zauna a gida. In akwai tabo a jikin yaro a ɗauki hoto a ajiye, a kai shi asibiti a rubuta.

Gargaɗi: hoton na mai sulhu ne da likita, ba na Facebook ko TikTok ba. Yaron zai girma ya tarar da shi.

5. Zaɓar mai sulhu

Nan ne rabin aikin yake. Aya ta 35 a Nisa'i ta kawo tsarin mai sasantawa ɗaya daga dangin miji ɗaya daga dangin mata, kuma shi ne ya fi dacewa a fara da shi: baffa ko wan uba daga can, kawu daga nan. Amma ba duk mai furfura ne ya iya ba. Wanda ake nema shi ne wanda ɓangarori biyu ke jin nauyinsa, mai riƙe sirri, wanda ba shi ya haɗa wutar tun farko ba, kuma wanda ba ya cin abinci a hannun ɗaya daga cikinsu. In baffan nan uban yaro ne ke biya masa kuɗin haya, toh ka san inda hukunci zai faɗa.

Ni a ganina dole a sa mace babba a ciki, gwaggo ko inna ko malamar Islamiyya da ake girmamawa. Akwai abin da uwa ba za ta iya faɗa a gaban surukanta maza ba, akwai abin da yarinya 'yar shekara 12 ba za ta faɗa wa kowane namiji ba.

In dangi sun kasa sai a hau gaba: limamin unguwa da mai unguwa, daga nan dagaci ko hakimi. In nan ma ta ƙi, akwai Hisbah a jihohin da ke da ita, a Kano sulhun ma'aurata da maganar ciyar da yara na cikin abin da suka fi yi kullum, kuma suna da mata ma'aikata. Akwai ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma da ma'aikatar mata, su ne ke iya zuwa su duba gidan da yaro zai zauna. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata FIDA, da Legal Aid Council da ke taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Sannan akwai zauren sasanci na babbar kotu da ake kira Multi-Door Courthouse, Kano na da shi, a can ƙwararrun masu sulhu ne ke zama da ku. A Nijar kuma sarakunan gargajiya doka ce ta ba su ikon sasantawa, su rubuta takardar sulhu.

Gargaɗi: kar a kai maganar wuri uku lokaci guda. Yau Hisbah, gobe 'yan sanda, jibi gidan rediyo, ɗaya ɓangaren zai ga tozarta shi ake son yi ya ƙi zuwa ko'ina.

6. Ganawa da kowa shi kaɗai

Mai sulhu kar ya fara da tara mutane. Ya je wurin uba shi kaɗai, ya je wurin uwa ita kaɗai, ya bar kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, saboda sau da yawa rikicin ba na yaron ba ne, haushin kayan ɗaki ne da ba a mayar ba, ko maganar da uwar miji ta faɗa ranar saki, ko kishin ta samu wani mijin. Tambaya biyu zai yi wa kowa: me kake tsoro zai faru da yaron in yana can, kuma mene ne mafi ƙarancin abin da za ka iya yarda da shi.

A nan ne kuma ake gane ko akwai tsoro. Matar da ta sha duka a gidan ba za ta iya musu da tsohon mijinta ido da ido ba, za ta ce "na yarda" kawai don ta tsira. In haka ne kar a haɗa su ɗaki ɗaya, mai sulhu ya riƙa kai-komo tsakaninsu, ko ta zo da waliyyinta ya yi magana a madadinta.

Shi ma yaron a ji ta bakinsa in ya yi wayo, amma a keɓe, wurin wanda ya saba da shi, cikin hira. A tambaye shi wa ke ba shi abinci, ina yake kwana, wa ke kai shi makaranta, me yake tsoro.

Gargaɗi: kar a taɓa tsayar da yaro a tsakiyar taro a ce "zaɓi, babanka ko mamarka". Duk wanda ya zaɓa zai rayu da jin ya ci amanar ɗayan. Kuma a lura da yaron da aka yi wa hadda, in ɗan shekara 6 na maimaita kalaman manya kalma-kalma to koya masa aka yi.

7. Ranar zama

Wuri ya zama ba na kowa ba, zauren mai unguwa, gidan liman, ko gidan dattijon da aka yarda da shi. Ba gidan mijin ba, inda amarya ke leƙe ta taga. Kowane ɓangare mutum uku ko huɗu sun isa, ba taron ɗaurin aure aka zo ba. Amarya da sabon mijin uwa kar su shiga zaman farko, amma dole daga baya a ji ta bakinsu tunda a gidansu yaro zai iya zama, kuma kowa ya san halin da agola ke shiga in maigida bai so ba. Lokaci kuma bayan la'asar ko safiyar Asabar, ba dare ba lokacin da kowa ya gaji. Yara a kai su maƙwabta.

A buɗe da addu'a, mai sulhu ya kafa doka: ba zagi, ba katse magana, ba ɗaukar murya a waya, kuma ba a zo tada maganar dalilin saki ba. Wannan ta ƙarshen sai ya yi ta maimaita ta don kowa can zai riƙa zamewa. Wanda ya kawo kuka ya fara, ɗayan ya amsa, mai sulhu ya maimaita abin da ya ji daga kowa da lafazi mai sanyi. A fara da abin da aka yarda a kai, misali duka biyun na son yaro ya ci gaba da makarantarsa, daga nan a matsa zuwa mai wuya.

Wata dabara mai kyau in akwai jami'in walwala ko ɗan Hisbah a wurin: bayan sun faɗi abin da ba za a sauka daga kansa ba, kamar dole yarinya ta koma makaranta kuma ba za ta koma gidan da aka dake ta ba, sai su fita su bar dangi su kaɗai su tsara yadda za a yi. Abin da dangi suka tsara da bakinsu sun fi riƙe shi fiye da wanda aka ɗora musu, kuma a nan ne za ka ji wata gwaggo ta ce ni zan riƙe ta, wani kawu ya ce kuɗin makaranta a kaina.

In rai ya ɓaci a tashi, a sa wata rana. Ba dole a gama a zama ɗaya ba.

8. Abubuwan da dole a yanke

"Za mu riƙa taimakawa in Allah ya hore" ba yarjejeniya ba ce. Sai an faɗi wa zai riƙe yaro kuma a wane gida. Sai an faɗi ciyarwa nawa, ranar nawa ga wata, ta hannun wa ko ta wane asusu. Shawarata a nan a yanka wani ɓangare da kayan abinci, kwano kaza na masara ko shinkafa, mai, sabulu, sauran da kuɗi, saboda yadda farashi ke tashi kuɗin da aka yanka bana baɗi ba zai sayi rabin abin ba, ko kuma a rubuta cewa duk wata shida za a sake dubawa. Kuɗin makaranta uba ya biya kai tsaye a makarantar ya karɓi rasit, wannan na kashe zargin "cinye kuɗin take yi". Asibiti a faɗi wa za a kira in ciwo ya taso da dare da wanda zai biya.

Ziyara ita ma da rana da lokaci: Juma'a bayan masallaci zuwa yammacin Asabar, ko rabin hutun makaranta, ƙaramar sallah a nan babbar sallah a can, wa zai zo ɗauka wa zai mayar. In iyayen ba sa iya haɗa ido, gidan kaka ya zama wurin miƙawa. A rubuta cewa ba mai fita da yaro daga gari ko canza masa makaranta ko tura shi almajiranci ko aikatau sai da sanin ɗayan. A rubuta abin da zai faru in uwa ta yi aure, tun yanzu, kar a bari sai ranar ɗaurin aure a fara sabon faɗa.

In marayu ne akwai ƙarin magana: gadonsu. A rubuta abin da suka gada, wa ke riƙe da shi, wa zai riƙa duba lissafi. Sau da yawa masu rububin riƙon maraya gidan da gonar suke kallo, kuma aya ta 10 a Nisa'i ta gama magana kan mai cin dukiyar maraya. Raba riƙon yaro da riƙon dukiya hannu biyu daban ya fi zama lafiya.

Gargaɗi: kar uwa ta yarda ta yafe ciyarwa gaba ɗaya don a bar mata yara. Haƙƙin yaran ne, kuma bayan wata uku ita ce za ta ɗora musu talla.

9. Rubutawa da sa hannu

A rubuta a take kafin a watse, da Hausa, boko ko ajami, a karanta da ƙarfi kowa ya ji. Sunayen iyaye, sunayen yara da shekarunsu, abin da aka yanke ɗaya bayan ɗaya, kwanan wata, sa hannu ko dangwale, shaidu biyu daga kowane ɓangare, hatimin mai unguwa ko na ofishin da aka zauna. Kowa ya tafi da kwafinsa, mai sulhu ya riƙe ɗaya, a ɗauke ta a waya ma.

Takardar zaure ita kaɗai hujja ce amma ba ta da ƙarfin tilastawa. In ana son ta yi ƙarfi sai ɓangarorin biyu su je kotun shari'a tare su ce sun yi sulhu suna son alƙali ya tabbatar, sai ta zama hukunci. Wanda aka yi a zauren sasanci na babbar kotu shi ma in alƙali ya sa hannu ya zama hukuncin kotu. In ka san mutumin nan ya saba karya alƙawari, kar ka tsallake wannan.

10. Kuɗin da za a kashe

Zaman dangi da na liman da mai unguwa babu farashi, sai ɗan goro da ruwa da kuɗin motar dattijan da aka taso, kuma ya fi kyau ɓangarori biyu su raba don kar a ce wani ya sayi zaman. Sauran kuɗin buga takarda ne da fotokwafi. A kotu ko wani ofishi duk abin da aka ce ka biya ka nemi rasit. Wanda ya ce a ba shi wani abu "zai gyara maganar" a wurin mai sulhu, ka guje shi.

11. Bibiya, da abin yi in an karya

A sa mutum ɗaya daga kowane ɓangare da zai riƙa leƙa yaron, ya gan shi da idonsa, ya tambayi malaminsa na makaranta ko yana zuwa. A sa ranar sake zama bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku. In an saɓa sau ɗaya mai sulhu ya kira ya ji dalili, wataƙila aiki ne ya tsaya, sai a rage adadin a rubuta sabo. In saɓawar ta zama hali, ko aka hana ziyara da gangan, ko aka ɓoye yaro, ko aka ga sabon tabo a jikinsa, toh zama ya ƙare. A ɗauki takardar sulhun, rasitai, katin asibiti da shaidun da suka sa hannu a tafi kotun shari'a ko kotun da ke sauraron shari'ar iyali a jihar, wanda ba shi da kuɗin lauya ya fara biyawa ta ofishin Legal Aid ko FIDA.